Saitin Ma'adanar Filash a Na'urorin Sauraron Waƙa: Amanar Da Bai Kamata A Ɓoye Ba

Kwanakin baya wani ɗalibina ya shigo ofis riƙe da wata 'yar na'urar sauraron waƙa, irin wadda akan rataya a wuya, wadda tsawonta bai wuce na babban yatsa ba. Ya ajiye ta a kan tebur ya ce, "Malam, don Allah a duba mini ko akwai abin da za a iya cetowa." Da na tambaye shi abin da ke ciki, sai ya ce muryar kakarsa ce. Shekarun baya ya zauna da ita dare da dama yana ɗaukar tatsuniyoyi da tarihin zuriyarsu da wannan na'ura, yanzu kuwa tsohuwar ta riga mu gidan gaskiya. Wata rana na'urar ta tsaya a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa, sai ya kai ta wurin mai gyara. Mai gyaran ya nemo manhajar wata na'ura mai kama da ita sak, ya yi mata abin da suke kira filashin. Tun daga ranar ko haske ba ta ƙara kawowa ba.

Ban iya ceto masa komai ba, kuma ban ga laifin mai gyaran ba, domin ya yi iyakar abin da saninsa ya ba shi. Abin da ya kashe na'urar 'yan lambobi ne da ba su cika layi goma ba, waɗanda ke gaya wa manhajar ciki irin ma'adanar da take magana da ita. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, waɗannan lambobi da tsarin da ake bi wajen jera bayanai a cikin ma'adana ba sirrin kamfani kaɗai ba ne. Haƙƙin mai saye ne a bayyana su, kuma nauyi ne a kan jami'o'inmu su koyar da su, maimakon kallon da ake yi musu na aikin 'yan teburin bakin kasuwa. Kafin in kawo hujjojina, ya kamata mai karatu ya fahimci yadda abin yake aiki.

Mece ce ma'adanar filash?

Wani injiniyan ƙasar Japan mai suna Fujio Masuoka, wanda ke aiki a kamfanin Toshiba, shi ne ya ƙirƙiro wannan ma'adana. Ya gabatar da nau'in farko, wanda ake kira NOR, a shekarar 1984, sannan ya biyo da nau'in NAND a shekarar 1987. Wani abokin aikinsa, Shoji Ariizumi, shi ya raɗa mata sunan filash, domin yadda ake share ta gaba ɗaya a lokaci guda ya tuna masa da walƙiyar hasken kyamara. Nau'in NAND shi ne ya fi araha kuma ya fi ɗaukar kaya, saboda haka shi ne ya cika na'urorin waƙa da katin memori da wayoyin hannu.

A cikin ɗan baƙin guntun nan da masu gyara ke kira ayisi, akwai miliyoyin ƙananan ɗakuna, kowanne taransista ne mai wata 'yar ƙofa da aka kewaye da abin da lantarki ba ya ratsawa. Idan aka tura ƙwayoyin lantarki cikin ƙofar da ƙarfi, sai su maƙale, su zauna ko da an cire batir. Ɗakin da babu komai a cikinsa ana karanta shi a matsayin 1, wanda aka cusa wa caji kuwa a matsayin 0. Da waɗannan alamomi biyu, da ake kira bit, ake rubuta komai, takwas daga cikinsu su ne bayit guda.

Duk wanda ya yi karatun allo zai yi saurin gane halin wannan ma'adana. Almajiri yana rubutu layi bayan layi, amma in ya tashi sake rubutu ba ya kankare harafi guda, sai dai ya wanke allon baki ɗaya. Haka NAND take. Ana rubutu a kanta shafi-shafi, amma ba a sharewa sai kundi-kundi, wato tarin shafuka masu yawa a haɗe. Kuma kamar yadda yawan wanki ke cinye fuskar allo, haka kowace sharewa ke raunana katangar da ke riƙe da cajin. Ma'adanar da ke ajiye bit guda a kowane ɗaki takan jure sharewa kimanin sau 100,000. Da aka fara cusa bit biyu a ɗaki guda domin rage kuɗi, sai adadin ya sauko zuwa wajen 10,000, daga baya ma ƙasa da haka.

Wannan ma'adana ita ta haifi na'urar waƙa ta aljihu. Tsarin matse sauti na MP3, wanda cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus ta taka babbar rawa wajen samar da shi, ya sa waƙar minti guda ta koma kimanin megabayit ɗaya. A shekarar 1998 kamfanin SaeHan na Koriya ta Kudu ya fito da MPMan, kamfanin Diamond na Amurka kuma ya fito da Rio PMP300 mai megabayit 32, wato abin da zai ɗauki sautin kimanin rabin awa, da batir guda ɗaya tak. Babu faifai mai juyawa, babu zare, saboda haka ko mutum yana gudu waƙa ba ta tsalle.

Abin da dole manhajar ciki ta sani

Guntun NAND shi kaɗai kurma ne kuma bebe, ba ya yin komai sai abin da aka umarce shi. Mai ba shi umarni ita ce manhajar da aka dasa a cikin na'urar tun daga masana'anta. Da zarar an kunna na'ura, abu na farko da manhajar ke yi shi ne tambayar guntun ko shi wane ne. Takan aika masa da lambar umarni 90, a tsarin ƙidaya na goma sha shida da masu kwamfuta ke amfani da shi, shi kuma ya amsa da 'yan bayit kaɗan. Na farko yana nuna kamfanin da ya ƙera shi: EC na Samsung ne, 98 na Toshiba, AD na Hynix, 2C kuwa na Micron. Na biyu yana nuna samfurin. Daga nan sai manhajar ta duba wani jadawali da aka rubuta a cikinta, ta nemo layin da ya dace da wannan amsa. Wannan jadawali shi ne saitin da muke magana a kai.

Bari mu ɗauki misali da wani guntu na Samsung da ya yi tashe, mai lamba K9F1G08. Kowane shafinsa yana da bayit 2,048 na ajiya, da ƙarin bayit 64 a gefe. Shafi 64 ne ke yin kundi guda, kundi 1,024 kuma su ne guntun baki ɗaya, wato megabayit 128, abin da zai ɗauki waƙa ta fiye da awa biyu. Tsofaffin guntaye kuwa shafinsu bayit 512 ne da ƙarin 16, kuma shafi 32 ne a kundi. Mai karatu zai iya hango abin da zai faru idan manhaja ta ɗauka tana magana da tsohon samfuri alhali sabo ne a gabanta. Za ta nemi farkon shafi a inda ba nan yake ba, kuma in ta tashi share abin da take zaton kilobayit 16 ne, sai ta share 128.

Ba girman shafi kaɗai jadawalin ke ɗauke da shi ba. Yana faɗin sau nawa za a aika da lambobin adireshi kafin guntu ya gane wurin da ake nufi, domin mai megabayit 128 yana buƙatar aike huɗu, wanda ya fi shi girma kuwa biyar. Yana faɗin tsawon lokacin da za a jira. Ɗauko shafi guda yakan ci kimanin kashi 25 cikin miliyan na sakan, rubuta shi kimanin kashi 200, share kundi kuwa kusan kashi biyu cikin dubu. Idan manhaja ta yi gaggawa, sai ta kwashi shirme ta ɗauka bayani ne. Idan ta yi nawa fiye da kima, sai kwafar waƙa ta zama jiran gawon shanu, batir kuma ya ƙare a banza. Haka kuma jadawalin yana nuna guntaye nawa ne aka jera a kan allon na'urar, da yadda za a raba musu aiki.

Akwai wata matsala mai kama da tambayar kaza da ƙwai. Ita kanta manhajar a cikin wannan ma'adana take kwance, to yaya za a karanto ta kafin a san yadda ake karanta ma'adanar? Maganin da aka samo shi ne a dasa wata 'yar ƙaramar manhaja da ba ta gogewa a cikin babban guntun sarrafawa, wadda aikinta kawai shi ne ta laluba kundin farko ta ɗauko matakin tashi. Saboda haka ne masu ƙera NAND ke ba da tabbacin cewa kundin farko lafiyayye ne ranar da ya bar masana'anta. Idan wannan laluben ya ci tura, na'urori da yawa sukan koma wani hali na jiran ceto ta hanyar wayar USB. Masu gyara sun gano cewa in suka haɗa ƙafafun ayisi biyu da bakin allura yayin kunnawa, sukan hana karatun da gangan, su tilasta wa na'urar shiga wannan hali.

Ayyuka uku da ba a gani

Bayan sanin siffar guntu, akwai ayyuka uku da manhajar ke yi a ɓoye, waɗanda amincin abin da aka ajiye ya rataya a kansu.

Na farko shi ne kauce wa matattun kundaye. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sabon guntun NAND yakan fito da lahani tun daga masana'anta, kuma an yarda da hakan domin a sauƙaƙa farashi. A guntun da muka yi misali da shi, alkawarin kamfani shi ne aƙalla kundi 1,004 daga cikin 1,024 za su yi aiki. Waɗanda suka lalace akan sa musu alama a cikin 'yan bayit ɗin nan na gefe. Wurin alamar ya bambanta: a tsofaffin guntaye bayit na shida ne, a masu babban shafi kuwa na farko. Manhajar da ta duba wurin da ba shi ba za ta zuba waƙa a rami. Mafi muni, in aka share guntun gaba ɗaya ba tare da an kwafe jerin alamomin ba, sun tafi ke nan.

Na biyu shi ne gyaran kuskure. Caji yakan zurare a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri, abin da ya kamata mazauna ƙasashe masu zafi irin namu su lura da shi. Har ma yawan karanta shafi guda yakan taɓa maƙwabtansa, ga shi kuwa mai na'urar waƙa yakan maimaita abin da yake so sau ɗaruruwa. Domin haka, duk lokacin da aka rubuta shafi akan lissafa wasu lambobin tsaro a ajiye a gefe. Guntayen farko sun wadatu da tsarin Hamming, mai gyara bit guda a cikin kowane bayit 512. Masu bit biyu a ɗaki kuwa suna buƙatar tsari mai ƙarfi, irin su Reed-Solomon ko BCH, masu gyara bit huɗu ko takwas ko fiye. Idan aka saita gyara mai rauni a kan guntu mai buƙatar mai ƙarfi, na'ura za ta yi aiki lafiya lau a kanti da watannin farko, sai an yi nisa sannan waƙoƙi su fara ƙyarƙyara, wata rana kuma ita kanta manhajar ta ƙi tashi. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya fara kama na'urar ɗalibina.

Na uku shi ne raba gajiya. Kwamfuta tana kallon na'urar waƙa a matsayin faifai mai tsarin FAT, wanda ke da jadawalin sunaye da wurare a farkonsa, kuma duk sanda aka ƙara fayil ko aka cire, sai an sake rubuta wannan jadawali. Da a ce kullum a kundi guda ake yin haka, sau ashirin a yini, to guntu mai jure sharewa 10,000 zai rasa wannan kundi cikin kwana 500, alhali sauran ko taɓa su ba a yi ba. Saboda haka manhajar takan riƙe wata taswira ta sirri, wadda ke fassara adireshin da kwamfuta ta sani zuwa ainihin wurin da bayanin yake, tana kuma sauya wuraren a kai a kai kamar manomin da ke hutar da gona. Wannan taswira ita ce mabuɗin komai. In batir ya mutu ana tsakiyar rubuta ta, kuma ba a tsara manhajar ta kammala sabuwa kafin ta saki tsohuwa ba, to bayanan suna nan a cikin guntu amma an rasa hanyar zuwa gare su.

Riga ɗaya, ciki daban

Dalilin da ya sa wannan batu ya zama tarko ga masu gyara shi ne yadda kasuwar NAND take. Farashinta yana hawa da sauka, saboda haka babu mai ƙera na'ura da ke dogara da kamfani guda. Ko Apple, bayan ya fito da iPod shuffle da iPod nano masu filash a shekarar 2005, sai da ya biya dala biliyan 1.25 kafin alƙalami ga kamfanoni biyar, wato Hynix da Intel da Micron da Samsung da Toshiba, domin ya tabbatar ba a yanke masa kaya ba. In babban kamfani ya yi haka, ina ga ƙananan masana'antun ƙasar Sin da suka cika duniya da na'urori marasa suna, waɗanda yawancinsu ke amfani da guntun sarrafawa na kamfanin Actions da ke birnin Zhuhai? Na'urori biyu za su iya fitowa da riga ɗaya, launi ɗaya, kwali ɗaya, amma ma'adanar cikinsu daban. Manhajar ɗaya guba ce ga ɗayar. Mai gyara ba shi da takardar da za ta gaya masa haka, sai dai ya gwada sa'a da kayan mutane.

Su kansu masana'antun sun ga illar wannan ruɗani. A shekarar 2006 wasu kamfanoni, ciki har da Intel da Micron da Hynix, suka kafa ƙungiyar ONFI, suka amince cewa kowane guntu zai riƙa ɗauke da shafi na musamman mai bayyana siffarsa, ta yadda manhaja za ta tambaye shi kai tsaye ba sai ta dogara da jadawali ba. Samsung da Toshiba, waɗanda su ne manya a lokacin, ba sa cikin waɗanda suka kafa ta. Duk da haka matakin ya tabbatar da abin da nake faɗa: bayyana siffar guntu bai karya kowa ba, sauƙi ma ya kawo.

Ramin ƙarya ƙurarre ne

Duhun da ke hana mai gyara aiki shi ne kuma ke ba macuci mafaka. Tunda girman da kwamfuta ke nunawa lamba ce kawai da manhajar ciki ke faɗa mata, to wanda ke da kayan saitin masana'anta zai iya sa na'ura mai giga ɗaya ta ce ita mai takwas ce. Mai saye zai ga lambar a allo ya gamsu. Zai fara zuba waƙoƙi, komai na tafiya daidai, har ainihin wurin ya cika. Daga nan sai ko dai sabon abin da ya zuba ya bi iska, ko ya hau kan na farko ya murƙushe shi. Sunayen fayilolin suna nan a jere, amma in ya taɓa babu komai. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma an yi shi da na'urorin waƙa da katin memori a kasuwannin duniya da dama.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. A ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel, katin memori ya gaji kaset. Da shi masu tura waƙa a kasuwanni ke sayar da waƙoƙi da karatu da wa'azi da finafinai, da shi ake ciyar da ƙananan rediyoyi masu ramin kati. Mawaƙin nan na Nijar, Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a shekarar 2008, ta hanyar waya da katin memori waƙoƙinsa suka ratsa hamada, kafin su fito a wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a shekarar 2011. Al'ummar da ta ɗora adabinta na baka a kan wannan ɗan guntu ba ta da uzurin jahiltar yadda yake aiki. Gano ƙaryar ma ba wuya gare shi ba. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw, wadda Harald Bögeholz na mujallar c't ta Jamus ya rubuta, wadda ke cika ma'adana da lambobi sannan ta karanto su ta ga ko sun dawo daidai.

Hujjojin masu ɓoyewa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Hujjarsu ta farko ita ce, tsarin taswirar nan dukiya ce da aka kashe kuɗi wajen ƙirƙirowa, in aka buɗe abokan gasa za su kwashe. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai bambanci tsakanin dabarar da manhaja ke bi wajen yanke shawara da kuma siffar da bayanai suke kwance a kan guntu. Magini yana iya riƙe sirrin sana'arsa, amma ba shi da ikon hana mai gida sanin inda ƙofofin gidansa suke. Abin da ke cikin na'ura na mai na'ura ne. Ban da haka, mene ne amfanin sirrin na'urar da aka daina ƙerawa? Apple da kansa ya rufe babin iPod a shekarar 2022.

Hujja ta biyu ita ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in aka ba kowa dama zai lalata kayansa. Amsar ita ce, mutane suna buɗe na'urorinsu ko an ba su bayani ko ba a ba su ba, rashin bayanin ne ke sa su ɓarna. Tarihin manhajar Rockbox shaida ne. Wasu injiniyoyi 'yan ƙasar Suwidin, Björn Stenberg da Linus Nielsen Feltzing da Daniel Stenberg, suka fara ta a ƙarshen shekarar 2001 domin maye gurbin manhajar wata na'urar kamfanin Archos, daga baya 'yan sa-kai suka faɗaɗa ta zuwa na'urori da dama, har da tsarin da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. Inda suka fi shan wuya shi ne na'urori masu tsurar NAND. iPod nano na biyu ya fito a shekarar 2006, amma sai wajen 2009 aka iya kutsawa cikinsa aka warware tsarin taswirarsa. A na'urar Cowon D2 kuwa, an daɗe manhajar tana iya karanta ma'adanar ciki kawai ba ta rubutu a kanta, don gudun ɓata abin da ba a gama fahimta ba. Shekarun da waɗannan mutane suka ɓatar wajen lalube, takarda mai shafi ashirin za ta iya rage musu su.

Hujja ta uku ita ce zamani ya wuce wurin, waya ta haɗiye na'urar waƙa, kuma katin SD da guntun eMMC suna ɗauke da nasu mai sarrafawa a ciki, wanda ke yin duk waɗannan ayyuka. Haka ne, kuma hakan ya sauƙaƙa wa mai ƙera na'ura aiki ƙwarai. Sai dai matsalar ba ta gushe ba, an tura ta ne can ciki inda ido ba ya kaiwa. Matattun kundaye da gyaran kuskure da taswira duk suna nan a cikin kowace waya da mita da na'urar asibiti da motar zamani. Guntayen yau ma, masu bit uku ko huɗu a ɗaki, sun fi na da rauni, sun kuma fi dogara da ingancin manhaja. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta fahimci inda aka dosa, shi ya sa dokarta da ta fara aiki a watan Yunin 2025 ta wajabta wa masu ƙera waya su samar da kayan gyara na shekaru, su kuma ba ƙwararrun masu gyara damar samun manhajar da sauya kayan ke buƙata.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu da masana'antar ƙera NAND, kuma ba a kusa za mu samu ba, domin kafa ta na cin biliyoyin daloli. Amma rubuta manhajar da ke sarrafa ta ba ya buƙatar komai sai kwamfuta da ɗan allon gwaji da kwanya. Kayan karatun ma a buɗe suke. Jadawalin lambobin guntaye yana nan a cikin manhajar Linux, kowa na iya dubawa, haka ma tsare-tsaren ajiya irin su JFFS2 da YAFFS. Tsarin UBIFS, wanda ya shiga Linux a shekarar 2008, injiniyoyin Nokia ne suka samar da shi tare da Jami'ar Szeged ta ƙasar Hangari. In jami'ar da ba ta cikin manyan ƙasashe masu arziki ta iya sa hannu a irin wannan aiki, ban ga abin da zai hana sassan injiniyan lantarki da kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu ba.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce a mai da matacciyar na'urar waƙa kayan ɗakin gwaji. Araha gare ta, kuma a cikinta akwai darasin lantarki da na lissafi da na tsara manhaja a dunƙule. Ɗalibin da ya aika da umarnin 90 da hannunsa ya ga guntu ya amsa masa, ya lissafa lambobin Hamming, ya zare batir ana cikin rubutu ya ga abin da ya biyo baya, ya fi wanda ya haddace ma'anoni don jarrabawa. Sannan a buɗe ƙofa ga masu gyaran waya na kasuwanni irin su Farm Centre da ke Kano, a shirya musu gajerun kwasa-kwasai da Hausa. Suna da hannu da gogewar da ɗalibanmu ba su da su, mu kuma muna da bayanin dalilan da su ba su samu ba. Hukumomin kula da ingancin kaya, su ma, ya dace su sa gwajin ainihin girman ma'adana cikin abin da ake dubawa kafin kaya su shiga kasuwa.

Ga mai karatu kuwa, nasiha uku ce. Ya gwada duk ma'adanar da ya saya kafin ya ba ta amana. Kada ya bari a yi wa na'urarsa filashin sai an buɗe an karanta lambar da ke jikin ayisin, an tabbatar manhajar ta san shi, kuma ya sani cewa filashin yakan tafi da abin da ke ciki. Sannan duk abin da ba zai iya jure rashinsa ba, ya ajiye shi a wuri biyu ko uku, domin ma'adanar filash ba a yi ta don ajiyar shekara da shekaru a cikin akwati ba.

Ɗalibin nan nawa bai jefar da na'urar ba. Ya cire ayisin ya adana, ya kuma zaɓi ya yi aikin bincikensa na shekarar ƙarshe a kan karanta tsurar NAND da sake gina taswirarta. Na gaya masa gaskiya cewa mai yiwuwa filashin ɗin ya riga ya share muryar kakarsa, ya ce ya sani, amma ko bai samu tasa ba zai iya ceto ta wani. Irin wannan ɗalibi muke da su da yawa, abin da suke jira shi ne a ba su bayani da wurin gwaji.